Haraji kan motocin China ba zai ceci masana'antun Turai ba

A watan Oktoban 2024 Tarayyar Turai ta ƙara haraji kan motoci masu amfani da lantarki da ake shigo da su daga China, har kashi 35 cikin ɗari ga wasu kamfanoni, ban da kashi 10 da ake biya tun da can. Jamus ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, domin kamfanoninta na cin kasuwa a China kuma suna tsoron ramuwa. Shi kuwa kamfanin motoci na China, BYD, ya riga ya zaɓi garin Szeged na Hungary domin kafa masana'antarsa, kuma motar da aka ƙera a can ba ruwanta da wannan haraji.

A ganina ciwon ba a bakin iyaka yake ba. Masana'antun Jamus sun yi ƙiba ne da iskar gas mai arha ta Rasha, wadda kafin yaƙin Ukraine na 2022 ta haura rabin gas ɗin da ƙasar ke saye. Da aka rufe bututu sai asiri ya tonu. Kamfanin sinadarai na BASF ya rufe ɗaya daga cikin sassan da ke haɗa amoniya a Ludwigshafen ta Jamus, alhali yana zuba kusan Yuro biliyan 10 a sabuwar masana'anta a Zhanjiang ta China. A Disamban 2024 Volkswagen ya daidaita da ƙungiyar ƙwadago kan rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030. Waɗannan magidanta ne masu iyali, kuma akwai garuruwa irin su Wolfsburg da kusan kowane gida da kamfanin yake ci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Northvolt na Sweden, kamfanin da aka ɗora wa fatan raba Turai da batiran Asiya. Ya durƙushe a Maris ɗin 2025, bayan ya kasa ƙera batir da yawa da ingancin da masu saye ke buƙata. Wane haraji ne zai koya wa masana'anta aiki?

Mario Draghi, tsohon shugaban Babban Bankin Turai, ya faɗi gaskiya a rahotonsa na Satumban 2024: kamfanonin Turai na biyan kuɗin lantarki ninki biyu zuwa uku na abin da ake biya a Amurka, kuma nahiyar na buƙatar ƙarin jari na Yuro biliyan 750 zuwa 800 duk shekara. Ya ba da shawarar ƙasashen su riƙa cin bashi tare domin manyan ayyuka kamar layukan wuta da ke ratsa iyakoki. Nan take ministan kuɗin Jamus na lokacin, Christian Lindner, ya yi fatali da batun.

Na fahimci tsoron Bajamushe na biyan bashin wani. Amma China na tsara masana'antunta da murya ɗaya, Amurka ta ware ɗaruruwan biliyoyin dala a wata doka ta 2022 domin jan masana'antun batir da makamashi zuwa gida, su kuwa ƙasashe 27 na Tarayyar Turai kowacce tana tallafa wa nata kamfanonin gwargwadon aljihunta. Jamus da Faransa za su iya, Girka da Portugal ba za su iya ba, kuma kasuwar da ake kira guda ɗaya ita ce ke shan wahalar wannan rarrabuwa.