Daren da Ɗan Ludo Ya Rufe Mini Baki

A hunturun shekarar 2019, lokacin ina karatu a birnin Manchesta na ƙasar Ingila, abokan zamana na gida suka gayyace ni wani wasa da suke yi duk daren Alhamis a kan teburin kicin, wanda ake kira Dungeons & Dragons. Na amsa gayyatar ne saboda kicin ɗin ya fi ko'ina ɗumi a gidan, kuma na lura ana cin biskit a wurin ba tare da an tambayi wanda ya saya ba. Jagoran wasan, wani ɗalibin lissafi mai tsinin gemu, ya bayyana mini cewa Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, kuma abin tatsuniya ce, sai dai masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Shi zai faɗi abin da ke gabanmu, mu kuma mu faɗi abin da za mu yi, idan aka samu shakka sai a jefa wani ɗan ludo mai fuska ashirin ya raba gardama.

Kowane ɗan wasa yana riƙe da takardar da ke ɗauke da siffofi shida na gwarzonsa, wato ƙarfi da zafin nama da juriya da basira da hankali da kwarjini, kowace siffa da lambarta. Da yake na zo a makare, sai aka miƙo mini takardar da kowa ya ƙi: wani ƙaton mayaƙi mai ƙarfi 17, basira 5, kwarjini 6, wanda zai iya ɗaga jaki amma ba zai iya ƙirga ƙafafun jakin ba. Na raɗa masa suna Gagarabadau, ban damu da lambobin ba, domin ni a rumfar mahaifina ta Kantin Kwari na tashi, kuma tun ina ɗan shekara goma nake sayar wa matan aure atamfar da suka rantse ba za su saya ba.

Ba a jima ba labari ya kai mu wurin wani dillalin dawaki da ya sa wa dokinsa zinare 75, alhali 60 ne a jakarmu. Na gyara zama, na ce a bar mini shi. Na gaishe da dillalin, na tambayi iyali da gajiya, na buɗe bakin dokin na duba haƙoransa na girgiza kai, na ce wannan ai ya ga jiya ya ga yau, sannan na taya 40. Da jagoran wasa ya ƙi sallamawa a madadin dillalin, sai na miƙe da gaske na nufi ƙofar kicin a hankali, ina jiran a kira ni kamar yadda ake kiran kowane mai saye da ya san kan ciniki. Mutanen teburin suka tafa mini. Jagoran ya ce bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba, don haka ya ba ni wata alfarma da dokar wasan ta tanada, wato in jefa ɗan ludon sau biyu in ɗauki lambar da ta fi girma. Na jefa, 4 ta fito, na sake jefawa, 9 ta fito. Aka cire biyu saboda kwarjinin Gagarabadau, aka bar ni da 7 a inda ake neman 15. Jagoran ya ce cikin natsuwa, duk abin da na faɗa shi ne abin da Gagarabadau ya yi niyyar faɗa, amma abin da ya fito daga bakinsa gurnani ne da feshin yawu, kuma dillalin ya mayar da kuɗin doki 90 saboda an zagi dabbarsa.

A gefena akwai wani saurayi wanda na yi wata uku muna gida ɗaya da shi ban ji ya haɗa jimla biyu a jere ba, domin ko gishiri yake so ya ara, takarda yake mannawa a jikin firji. Shi ne yake riƙe da maroƙin tawagarmu mai kwarjini 18. Ya sunkuyar da kai ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ina roƙonsa ya rage." Ya jefa, 11 ta fito, aka ƙara masa shida, dillali ya sallama doki a kan 55, har ya ɗora sirdi a matsayin gyara.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne a bakin wani kogo, inda wani gunki ya yi mana kacici-kacici: mene ne abin da yake ƙara girma duk lokacin da aka ɗebi wani abu daga cikinsa? Kafin gunkin ya rufe baki na san rami ne. Na ɗaga hannu, jagoran ya dubi takardata ya tambaye ni ko a ganina mai basira 5 zai san wannan amsa. Haka na zauna kusan minti ashirin da amsa a baki kamar wanda ya guntsi ruwan zafi, masu neman digiri na biyu suna ta cewa ko bashi ne, ko yunwa ce. Har na sa Gagarabadau ya fara haƙa ƙasa da gatarinsa don su gane, suka ce in daina wasa ana maganar hankali. Daga ƙarshe mai riƙe da bokanyar tawaga, wadda takardarta ta ce basira 17, ta jefa ɗan ludo, jagoran ya raɗa mata amsar a kunne, aka yi ta yaba mata kaifin ƙwaƙwalwa.

A yau na yarda cewa akwai adalci a cikin tsarin, domin mai kunya ma yana da haƙƙin ya zama mai baki na dare ɗaya, kuma ni ba wanda ya ce in ɗaga dutse kafin a yarda da ƙarfin Gagarabadau. Amma a wancan makon zuciyata ba ta kai nan ba. Na shiga intanet na gano cewa gardamar ta girme ni, kuma a dokokin farko na 1974 babu lambar lallashi, ɗan wasa da bakinsa yake faɗin yadda zai bi da mutum ko ya gano tarko, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ba sa rabuwa da sanda mai tsawon ƙafa goma ta zungurar ƙasa. Dogon jerin ƙwarewar lallashi da bincike da ake jefa wa ɗan ludo kuwa ya kafu sosai ne a bugu na uku na shekarar 2000. Ranar Alhamis na zo da hujjojina a rubuce, na yi jawabin da ya sa shayin kowa ya huce, na nemi a koma ga iyawar mutumin da ke kan kujera. Jagoran ya shafa gemu ya ce ya amince, a wannan daren abin da ɗan wasa ya iya shi gwarzonsa ya iya.

Abu na farko da ya tare mu a labarin wata ƙofa ce ta ƙarfe a rufe, kowa ya juyo ya dube ni, tunda ni ne mai ƙarfi 17. Jagoran ya nuna ƙofar ɗan sito da ke kusurwar kicin, wadda takan cije saboda danshi, ya ce in nuna musu. Na ja da baya taku uku, na yi kirari, na kai mata hauri da iya ƙarfina. Silifas ɗina ya tashi ya sauka cikin kwanon biskit, babban yatsana ya gamu da katako, ƙofa kuwa ko gezau ba ta yi ba. Ina zaune a ƙasa riƙe da ƙafa, sai saurayin nan mai kunya ya taso, ya kama mariƙin da yatsu biyu ya jawo, ƙofar ta buɗe, ashe jawowa ake yi ba turawa ba.

Da yatsan ya kumbura ya yi kamar gauta, aka yanke shawarar a kira tasi ta kai ni asibiti, kuma wayar mai kwarjini 18 ce kaɗai ke da caji. Ya danna lambar, aka ɗauka, ya buɗe baki ya rufe har sau biyu, sannan ya durƙusa ya kara mini wayar a kunne, na yi wa direban kwatancen gidan daga inda nake kwance.