Sanarwa kafin rufe masana'anta haƙƙin ma'aikaci ce, amma ba ta isa ba

A shekarar 1988 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar WARN, wadda ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwa a rubuce kwana 60 kafin ya rufe masana'anta, in ya saɓa kuma ya biya albashin kwanakin da ya danne. Masu kamfanoni sun yi ta kukan cewa ƙwararru za su watse tun aiki bai ƙare ba, masu ba da bashi kuma su janye hannu, har dokar ta tabbata ba tare da sa hannun Shugaba Reagan ba.

Abin da binciken masana tattalin arziki ya fi nunawa shi ne sanarwar tana rage yawan waɗanda ke faɗawa zaman kashe wando, domin wanda ke neman aiki alhali albashinsa na shigowa ba ya cikin matsin da zai sa ya karɓi duk abin da aka miƙa masa, wasu ma suna samun gurbi kafin ranar rufewa. Wajen albashi ne tasirinta ya yi rauni. Mutumin da ya shekara ashirin a kan inji guda, gwanintarsa a wurin take da daraja, kuma wata biyu ba za su ishe shi koyon sabuwar sana'a ba, musamman idan garin duka da wannan masana'anta ya dogara. A ganina jihar New Jersey ta fi fahimtar lamarin, tunda daga 2023 ta mayar da wa'adin kwana 90, ta kuma tilasta biyan albashin mako guda a kan kowace shekarar aiki.

Mazauna Kakuri a Kaduna ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. An rufe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da ke unguwar a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, da yawa har suka rasu ba su karɓa ba. Sashe na 20 na dokar ƙwadagon Najeriya ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin rage su, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama, amma bai yanke wa'adi ba, bai faɗi adadin kuɗin ba. Ya kamata Majalisar Tarayya ta rubuta duka biyun cikin doka, tare da tarar da za ta fi ƙarfin ribar yin shiru.