Littattafan soyayya ba su ne matsalar ba

Malam mai wannan rahoto, ka ce littattafan soyayya ne suka ɓata tarbiyyar 'yan mata. Haba Malam! A 2007 an tara su an cinna musu wuta a Kano, lokacin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar, wato A Daidaita Sahu. To, tarbiyya ta gyaru? Marubutan dai komawa waya suka yi, yanzu a WhatsApp ake bin labari shafi-shafi, babu mai tacewa.

Kuma wanda ya karanta su da gaske ya san soyayyar rufi ce kawai. A ciki auren dole ake tattaunawa, da zaman kishi, da halin da bazawara ke shiga idan an sako ta da 'ya'ya uku. Yayata da aka cire daga makaranta tana aji huɗu, da su ta iya karatun boko, tana bin layi da yatsa a gindin murhu, littafin haya duk bangonsa ya sha manja.

Akwai na banza, ban musa ba, musamman masu shafi goma kan dogon hanci da dara-daran idanu. Amma matan da ke shiga gasar rubuta gajerun labarai ta BBC, wato Hikayata, tun 2016, yawancinsu me suka taso suna karantawa?