Mayar da kwal gas don samar da lantarki: wa zai biya kuɗin?

Duk lokacin da aka ɗauko maganar ƙarancin wuta sai ka ji wani ya ce ai ga kwal nan jibge a ƙasa, kuma yanzu akwai fasahar da ke mayar da shi gas a ƙona ba tare da baƙin hayaƙi ba. Gaskiya ne, akwai ta. Ni dai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba a cika faɗin nawa take ci ba, da kuma aljihun da kuɗin zai fito.

Ga yadda take. Ana niƙa kwal a dura shi cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tsananin zafi da matsi, a ba shi tururi da iska kaɗan yadda ba zai ci da wuta ba, sai ya rikiɗe ya zama gas. A tace gas ɗin, a cire ƙibiritu da toka, a ƙona shi ya juya injin farko, zafin da ya fito kuma ya dafa ruwa, tururin ya juya na biyu. Dabara ce mai kyau, ba na musu. Amma fa sai ka gina masana'antar sinadarai sukutum a gaban tashar wutar, kuma ranar da ɗaya ta tsaya, kuɗin da aka zuba a ɗayar ya kwanta.

A duba Kemper, a jihar Mississippi ta Amurka. An fara ginin a 2010, tasha mai megawat 582, da ƙiyasin da bai kai dala biliyan 3 ba. Kafin a farga kuɗi ya kai dala biliyan 7.5. Bututan da ke sanyaya gas suka riƙa yoyo, na'urar kwashe toka ta ƙi tafiya daidai, yau a gyara nan gobe can ya ɓalle. A Yunin 2017 kamfanin ya haƙura, ya ci gaba da ba da wuta da iskar gas ta rijiya zalla, a 2021 kuma aka rushe ɓangaren sarrafa kwal ɗin. Mississippi na cikin jihohin da suka fi talauci a Amurka, kuma tun ana cikin gini aka ƙara wa mutanenta kuɗin wuta, sai da kotun ƙolin jihar ta sa aka mayar musu a 2015. Wannan ne ya fi tsaya min a rai: talaka ya fara biyan wutar da bai ga haskenta ba.

Wani zai ce ai sakacin kamfani ɗaya ne. To tashar Edwardsport ta jihar Indiana fa? Ta fara aiki a 2013, an tsara ta a kan kusan dala biliyan 2, ta lashe kusan 3.5. Ta Buggenum a Holan an rufe ta a 2013, ta Puertollano a Sifaniya ta bi sahu a 2016.

Abin da ya karya su a Amurka farashin gas ne. A tsakiyar 2008 ma'aunin da ake cinikinsa da shi ya haura dala 13, a 2012 ya faɗo ƙasa da dala 2, saboda sabuwar hanyar fasa duwatsu a zuƙo shi. Kamar mai tuwon sayarwa ce da ta kafa injin niƙa, ta ɗauki masu surfe da tankaɗe, maƙwabciyarta kuwa gari take aunowa da araha a kasuwa. Tuwo ɗaya za su kai bakin titi, farashi ɗaya.

Akwai inda lissafin ke fita. Japan, wadda a jirgin ruwa take shigo da gas da tsada, ta buɗe manyan tashoshi biyu irin waɗannan a Nakoso da Hirono a 2021. Sin kuwa tana mayar da kwal gas sosai, amma galibi don yin taki da sinadarai, inda kayan da ke fitowa suka fi lantarki daraja.

Mu fa? Najeriya na da kwal a Inugu da Kogi da Maiganga ta Gwambe, amma ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas, har ƙona shi ake yi a banza a yankin Neja Delta. Tashoshin gas da muke da su ma sau da yawa a kwance suke don bashi da rashin isar gas ɗin. Ƙasa mai wannan hali ba ta da hujjar cin bashin dala don ƙera gas daga kwal. A kammala bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, a gyara layukan dakon wuta. Nijar, da ke ƙona kwal a tashar Sonichar kusa da Agadas, lissafinta daban ne, amma ita ma duk wanda ya zo mata da wannan fasaha ya fara rubutawa a yarjejeniya cewa idan kuɗin gini ya ninka, shi zai ɗauka, ba masu biyan kuɗin wuta ba.