Skenes ya cika alkawari, saura mai ƙungiya

A watan Yulin 2023 babu gardamar da ta fi zafi tsakanin masoya wasan besbol a birnin Pittsburgh na Amurka kamar ta wanda ƙungiyarsu, Pirates, za ta ɗauka. Ita ce ke da damar zaɓen farko a cikin dukan matasan 'yan wasan wannan shekara, kuma samari biyun da aka fi ambata 'yan jami'a ɗaya ne, LSU ta jihar Louisiana, waɗanda ba su daɗe da cin kofin jami'o'i tare ba. Wasu suka ce a ɗauki Dylan Crews, mai dukan ƙwallo, domin shi kullum yana fili, mai jifa kuwa sai bayan kwana biyar-biyar ake ganinsa, ga shi hannu na iya lalacewa a kowane lokaci. Wasu suka ce ba a barin yaro irin Paul Skenes, wanda jifarsa ke kai gudun kilomita 160 a sa'a, ya wuce. Ƙungiyar ta ɗauki Skenes, ta ba shi dala miliyan 9.2 kuɗin sa hannu.

Masu son Skenes ne suka yi gaskiya, kuma ba a daɗe ba aka gani. Ya fara buga babbar gasa, wato rukunin ƙoli na besbol a Amurka, a watan Mayun 2024, bayan wata biyu aka ba shi buɗe wasan taurari da ake haɗa gwanayen ƙungiyoyi duk shekara, a ƙarshen kaka ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. A 2025 ya lashe kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. A kakar farko da ta biyu duka, idan aka yi lissafi, abokan hamayya ba su samun ko maki biyu a kansa a cikakken wasa. Amma a 2024 Pirates ta ci wasa 76 ta sha kashi 86, a 2025 kuma ta ƙara yin baya, ta ci 71 ta sha kashi 91, kuma duk cikin ƙungiyoyi talatin babu wadda ta kasa cin maki kamarta. Gwanin masu jifa ya gama shekarar da nasara goma, rashin nasara goma, saboda abokan wasansa ba su iya dukan ƙwallo ba.

Abin da nake so in ce ke nan: gardamar wa za a zaɓa tana da daɗi, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suna ƙarar da ƙarfinsu a kan tambayar da ba ta cin mai ƙungiya ko sisi, suna barin wadda za ta taɓa aljihunsa.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, tsarin na buƙatar bayani. A gasar Firimiya ta Ingila, ƙungiyar da ta yi wasa da aikinta faɗuwa take yi zuwa ƙaramin rukuni, kuɗin talabijin su tafi. A besbol na Amurka babu faɗuwa. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙasa lada ma take samu, domin tun 1965 aka tsara cewa masu rauni su ne ke fara zaɓar matasan da suka gama sakandare ko suke jami'a. Manufar kyakkyawa ce, kada masu kuɗi su kwashe komai. Sai dai ta buɗe wata ƙofa. Houston Astros ta sha kashi fiye da sau ɗari a kowace kaka daga 2011 zuwa 2013, ta tara matasa, ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, a 2017. Tun daga nan duk mai ƙungiyar da ba ya son kashe kuɗi ya samu abin faɗa: ku yi haƙuri, gini muke yi. Abin ya yi yawa har a 2022 aka shigo da ƙuri'ar sa'a a kan gurabe shida na farko na zaɓen, don kada shan kashi da gangan ya tabbatar wa kowa matsayi na ɗaya. Pirates ce ta ci ƙuri'ar farko, kuma ta nan Skenes ya zo.

Shi kansa zaɓen, duk ilmin da ake zubawa a kansa, rabinsa sa'a ce. A ƙwallon kwando matashin da aka zaɓa da farko yakan shiga fili a shekarar. A besbol yawanci sai ya bi ƙananan rukunai mataki-mataki, shekara uku, huɗu, biyar, yana yawo a bas tsakanin ƙananan garuruwa, kuma da yawa a hanya suke maƙalewa. A 1966 New York Mets ta ɗauki Steve Chilcott a matsayi na farko, bai taɓa buga babbar gasa ba. Wanda aka ɗauka na biyu shi ne Reggie Jackson, wanda ya zama babban tauraro. Brien Taylor, na farko a 1991, rauni a kafaɗa ya gama da shi. Mark Appel, na farko a 2013, sai a 2022 ya taka babbar gasa yana da shekara talatin. A ɗaya gefen kuma, ga waɗanda suka zama manyan taurari: Mike Trout sai a lamba 25 aka kira sunansa a 2009, Albert Pujols a zagaye na 13 a 1999, Mike Piazza kuwa a zagaye na 62 a 1988. Ƙwararrun da ake biya albashi su yi wannan aiki kawai suna kuskure haka, to ina ga mai kallon bidiyon minti uku a waya yana rantsuwa cewa wannan yaro shi ne mai ceto?

Akwai abin da ke damuna a nan fiye da kuskuren hasashe. Yaro ɗan shekara goma sha takwas a ɗora masa nauyin gari guda, idan gwiwar hannunsa ta tsinke ko ya kasa sabawa da jifar manya, sai bakin da ya yabe shi jiya ya koma kiransa asara. Fushin da ya kamata ya hau bene zuwa ofishin shugabanni sai ya sauka a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin lamarin.

Mutanen Pittsburgh sun fi kowa sanin wannan hanya. Barry Bonds, shahararren mai dukan ƙwallo, nasu ne, su suka zaɓe shi a 1985. Ya tafi San Francisco bayan kakar 1992, daga nan ƙungiyar ta yi shekara ashirin a jere, 1993 zuwa 2012, ba ta taɓa gama kaka da nasara fiye da rashin nasara ba. Sai Andrew McCutchen ya taso, Gerrit Cole da aka zaɓa na farko a 2011 ya biyo baya, aka shiga zagayen neman kofi sau uku a jere, har aka ci wasa 98 a 2015. A watan Janairun 2018, cikin mako guda, aka sallami Cole zuwa Houston, McCutchen zuwa San Francisco. Kafin shekara biyu Cole ya sa hannu da New York Yankees a kan dala miliyan 324. Har zuwa ƙarshen kakar 2025 Pirates ba ta sake shiga zagayen neman kofi ba, rabonta da kofin kansa kuwa tun 1979.

Ba rashin sa'a ba ne wannan, haka dokar take aiki. Ɗan wasan da ya shigo babbar gasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa na shekara shida. Kusan ukun farko ana biyansa mafi ƙarancin albashi ko kusa da shi, wanda a 2025 dala 760,000 ne, sauran shekarun albashin na hawa ta hanyar sasanci, sannan ya samu 'yancin zuwa inda ya so. Ma'ana, shekarun da ɗan wasa ya fi araha su ne shekarun da ƙungiyar da ta zaɓe shi ke riƙe da shi. Mai ƙungiyar da ba ya son kashe kuɗi sai ya zama makiyayi: ya yi kiwo, da dabba ta yi ƙiba ya miƙa wa manyan kasuwa, ya karɓo 'yan ƙanana ya ce wa jama'a su dubi yadda za su girma.

Masu kare Bob Nutting, wanda iyalinsa ke da ƙungiyar, suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Besbol ba ta da iyakar albashi. Los Angeles Dodgers ta iya ba Shohei Ohtani kwantiragin dala miliyan 700, Mets ta ba Juan Soto miliyan 765, Pittsburgh kuwa ƙaramar kasuwa ce da ba za ta taɓa yin wannan takara ba. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya ce ta saye Ohtani. Milwaukee Brewers, da ke rukuni ɗaya da Pirates kuma kasuwarta ba ta fi ta Pittsburgh girma ba, ta ci wasa 97 a 2025, fiye da kowace ƙungiya. Ta ɗaure matashinta Jackson Chourio da kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 82 tun bai buga ko wasa ɗaya a babbar gasa ba. Kansas City Royals ta sha kashi sau 106 a 2023, ta ba Bobby Witt Jr. kwantiragin kusan dala miliyan 289, ta sayo gogaggun masu jifa, ta shiga zagayen neman kofi a 2024. Ita kuwa Pirates, har zuwa ƙarshen kakar 2025, mafi tsadar ɗan wasan da ta taɓa sayowa daga kasuwar masu 'yanci shi ne Francisco Liriano, dala miliyan 39, tun a 2014. Kada a manta kuma manyan ƙungiyoyi na raba wani kaso na kuɗin shigarsu da ƙanana, kuma filin PNC Park da aka buɗe a 2001 da kuɗin jama'a aka gina mafi yawansa.

Wannan batu na filin shi ne ya sa nake ganin magoya baya na da haƙƙin ɗaga murya, ba alfarma suke roƙo ba. Ƙungiya dukiyar mutum ɗaya ce a takarda, amma sunan gari take ɗauke da shi, da harajin gari aka yi mata gida. A farkon kakar 2025, da aka cire wata alamar tunawa da Roberto Clemente, tsohon gwarzon ɗan wasan Pirates, daga bangon filin aka sa tallar abin sha a wurin, jama'a suka yi ca, ƙungiyar ta ba da haƙuri ta mayar da alamar. Clemente shi ne wanda ya rasu a hatsarin jirgi a daren ƙarshe na 1972 yana kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nicaragua, kuma ba a wasa da sunansa a wannan gari. Lamarin ya nuna cewa matsin lamba na aiki idan ya fuskanci wuri ɗaya. Mutanen birnin Oakland kuwa sun yi ta kiran a sayar da ƙungiyarsu, Athletics, amma ta tattara ta bar garin bayan kakar 2024. Inda babu faɗuwa, muryar jama'a da aljihunsu ne kaɗai hukuncin da ya rage, kuma idan an makara ba su isa.

Ba cewa nake a daina bin labarin matasa ba. Daɗin wasa ne ka san yaro tun yana ƙananan ƙungiyoyin rainon Pirates a Altoona ko Indianapolis, ka ga ranar da aka kira shi sama. A Pirates ce ma Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasa a 2017, bayan shekaru a ƙananan rukunai. Amma duk sanda shugabanni suka fito da jerin sunayen yaran gobe, a tambaye su nawa suka kashe a kan na yau. An daɗe ana jin gafara sa a Pittsburgh, yanzu ga ƙahon a fili. Kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa ta sa an ƙirga wa Skenes 2024 a matsayin cikakkiyar shekara, don haka idan ba a sabunta kwantiraginsa ba, zai samu 'yancin tafiya bayan kakar 2029. Zuwa ƙarshen kakar 2025, biyu daga cikin shekaru shidan sun riga sun tafi, kuma a duka biyun ƙungiyar a ƙasan rukuninta ta ƙare.