Akwatin NAS ya mutu, fayiloli suna nan

Yana damuna yadda mutane da dama ke ɗauka cewa idan akwatin NAS na gida, wato na'urar ajiye fayiloli mai faifai (hard disk) a ciki, ya ƙi kamawa, hotuna da takardun ciki sun tafi ke nan. Suna da hujja, domin in aka jona faifan a Windows sai ya ce a yi fomat, wato a goge shi a sake tsara shi.

Amma sau da yawa caja ko allon na'urar ne ya ƙone, faifan lafiyarsa ƙalau. Akwatunan kamfanonin Synology da QNAP kan Linux suke aiki, Windows kuwa ba ya karanta ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, shi ya sa yake cewa a yi fomat. Misali, faifai biyu masu RAID 1, wato kowanne kwafin ɗaya ne: a jona su a kwamfuta mai Ubuntu (wani nau'in Linux), manhajar mdadm ta haɗa su, fayilolin su fito. Kada a amince da fomat ɗin. In faifan yana ƙas-ƙas, a kashe shi a kai wa ƙwararre.