Laifin ba na mujallu kaɗai ba ne

Wani labari da na karanta ya ce da zarar mujallun kimiyya sun fara karɓar binciken da bai gano komai ba, shi ke nan an gama da matsalar ɓoye sakamakon bincike. Ni dai ina da ja. A 2008 wasu masana a Amurka sun bi diddigin gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar. Guda 38 sun nuna maganin yana aiki, aka buga 37 daga ciki. Sauran 36 kuwa, 22 ko ƙyallinsu ba a gani ba, 11 aka yi musu kwaskwarima har suka fito kamar an dace. Waɗannan 11 ai an buga su, sakamakon ne aka murɗa, kuma likitan da ya karanta bai san dawar garin ba. Masu cewa a tilasta rajistar gwaji tun kafin a fara, ai tun 2005 manyan mujallun likitanci suka gindaya wannan sharaɗi. Wa yake hukunta wanda ya yi rajistar, sannan ya kulle sakamakon a durowa?